Ruwan Cikin Bango: Nasiha ga Ɗiyan Gobir Masu Sabon Gini

Ɗiyana na Sabon Birni da Isa, maza da mata, ku ba ni aron kunnuwanku kan wata magana da ba a cika yin ta a majalisa ba. Maganar ruwan da ke cin gida ta ƙarƙashi ce, da takardar inshorar da wasunku suka jefa a ƙasan akwati suna zaton ta gama musu komai.

Gidan da iyayenku suka tashi a ciki ba ya ɓoye ruwa. Soro ne na ƙasa da azara. Ruwan sama ya sauka a kansa, ya bi indararo ya zubo kowa na kallo, ya ratsa tsakar gida ya fice ta rariya. In rariya ta toshe, yaro ma ya sani, sai a miƙa masa kara ya zungure ta. Kafin damina ta faɗi an kwaɓa ƙasa an yi yaɓe, an toshe ramin ɓera, an ƙara wa gindin katanga kauri. In duk da haka marka ta ka da ɗaki, ba a kwana biyu sai dangi da maƙwabta sun taru an yi gayya an tashe shi.

Ku kuwa kun zo da bulo da siminti, da tayil, da tanki a bisa, da famfo har cikin ɗaki. Madalla, Allah shi sanya albarka, ba wanda ke son ɗansa ya ƙare inda shi ya ƙare. Sai dai bututun nan a cikin bango yake, magudana tana ƙarƙashin daɓe, sokawe an rufe shi da kankare. Ruwa sai ya yi wata da watanni yana ɓarna ba idon da ya gan shi. Ranar da ta bayyana kuma, gayya ba ta sayen tayil, ba ta biyan mai gyaran famfo.

Na san mafi yawan gidajen ƙasarmu ba wanda ya taɓa yi musu inshora, ofisoshin kamfanonin ma suna can birane, ba Gatawa ko Bafarawa ba. Amma masu takardar nan a cikinku sun fi yadda kuke zato, wasu ma ba su san suna da ita ba. Ma'aikacin da ya karɓi rancen gina gida ta Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi dominsa, da ɗan kasuwar albasa ko hatsi da ya ba banki takardar gidansa jingina, galibi sai an yi wa ginin inshora kafin a saki kuɗin, a kuma cire kuɗinta daga asusunsa. Wanda ya gina gidan haya a Sakkwato shi ma abin ya hau kansa, don dokar inshora ta 2003 ta sa gidan haya cikin gine-ginen da dole a yi wa kariya daga rushewa da gobara da guguwa da ambaliya, sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Agustan 2025 kuma ba ta sauke wannan wajibci ba. Kuɗinka ne ke fita duk shekara. Ka je ka karɓi kwafin takardar, haƙƙinka ne.

Wani zai ce, Baba, ai inshora akwai maganar malamai a kanta. Gaskiya ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wadda ake kira takaful. Tun 1979 aka buɗe kamfanin farko irin wannan a Sudan. A nan Nijeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, a 2016 ta ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya da niyyar taimako, wanda masifa ta samu a biya shi daga ciki, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, in an yi rara a raba. In ka duba da kyau, gayyar nan ce tamu aka rubuta a takarda. Zaɓi naka ne da malaminka. Abin da nake so ka sani, sharuɗɗan biyan diyya a duka biyun kusan iri ɗaya ne, kuma tushensu guda: takardar nan tsautsayi take biya, ba ta biyan sakaci.

Na taɓa tsayawa a gidan wani ɗan'uwa, malamin makaranta, ranar da mai kimanta ɓarna ya zo daga kamfani. Bangon bayi ya jiƙe har ya huda zuwa falo, fenti ya kumbura, tayil uku sun ɗago. Mutumin bai fara da takarda ba. Tsugunawa ya yi a gindin bango, ya zaro mabuɗin mota ya kankari wurin, wani farin gari mai kama da kanwa ya zubo. Ya sa aka janye durowar kaya, bayanta duk ya yi baƙi da funfuna, ƙusoshinta sun yi tsatsa. Ya zagaya ta waje ya tarar da gansakuka kore shar a jikin bulo, a tsakiyar rani. Maigida na biye da shi yana cewa, "Ranka shi daɗe, ai shekaranjiya abin ya faru." Sai baƙon ya juya ga ƙaramin yaron gidan da ke kallonsu, ya tambaye shi cikin wasa tun yaushe bangon nan ke jiƙe. Yaro ya ce, "Ai tun kahin azumi ruwa ka hitowa nan."

Ba a biya ko kwabo ba. Ni kuwa, duk da ina da ƙorafina kan ƙananan rubutun da kamfanoni ke cusawa a bayan takarda, ban ga laifin mutumin ba. Ko yaron bai yi magana ba, bango ya riga ya ba da shaida. Bututun da ya fashe cikin dare ya cika ɗaki, wannan tsautsayi ne. Wanda ya yi wata biyar yana tsiyaya kana wucewa kana cewa sai an yi albashi, wannan kai ka kiwata shi. Tsufan kaya, tsatsa, aikin algus na magini, toshewar da leda da yashi suka jawo, duk ana lissafa su a kulawar da ke wuyan maigida.

Ko tsautsayin ne ma, sai ka duba me aka yi maka alkawari. Takardar gobara zalla ba ruwanta da ruwa, sai an ƙara mata sauran haɗurra, wato guguwa da ambaliya da fashewar bututu da tumbatsar tanki. Sannan galibi abin da ruwan ya lalata ake biya, silin da fenti da daɓe, shi kansa bututun kai za ka saya. Kuɗin fasa bango da tayil a nemo inda ruwan ke fita, wanda yakan ninka kuɗin bututun sau da yawa, ba kowace takarda ke ɗauka ba. Akwai kuma kason farko na kowace asara da aka rubuta kai za ka ɗauka: in an sa naira 50,000 ɓarnarka ta tsaya a 40,000, kada ma ka wahalar da kanka da hanyar Sakkwato. Ɗana, kada kunya ta hana ka tambaya. Zaunar da wakilin, ce masa, in bututun bayina ya fashe me za ku biya, nuna mini layin da yatsa. In Turancin ya yi maka kauri, nemi wanda zai karanta maka, ba kasawa ba ce, masu digiri ma takardar nan na ba su ciwon kai.

Tun ran gini tun ran zane. Rabin rigimar diyya a ranar shimfiɗa bututu ake shuka ta. Za ka kashe miliyoyi a bulo da kwano, sai a zo kan abin da za a binne a bango ka nemi mafi araha, ka kuma ba yaron da bai gama koyo ba don ya yi maka ragi. Araha ba ta ado. Bututun roba mara kauri da aka bari a fili daga tanki, zafin bazarar Sakkwato kan gasa shi ya bushe, wata rana jaki ko ɗan akuya ya goge shi ya tsage. Sayi mai kauri, ka lulluɓe na waje. Kafin a yi filasta, cika tanki, rufe famfuna duka, a kwana, da safe ka bi kowace mahaɗa da hannu ka ji ko akwai danshi. Sai ka ɗauki wayar nan da ke hannunka dare da rana, ka ɗauki hoton kowane bango da bututunsa a fili. Bayan shekara biyar, hoton nan ne zai hana mai gyara fasa maka rabin ɗaki yana lalube, shi ne kuma zai nuna wa kamfani aikin kirki aka yi. Rasit ɗin kaya ma kada ka bar shi a aljihun riga ya tafi wanki. Sokawe kuwa, nisanta shi da harsashin gini, ka fi nisanta shi da rijiya, don amai da gudawa da suka ratsa arewa a 2021 ta gurɓataccen ruwa suke shigowa gida. Murfinsa kada a shafe shi da siminti don kyan gani, sai an buɗe ake dubawa. Dogon yaro kuma akwai daɗin inuwa, amma saiwarsa na bin danshi har cikin magudana, kada ka dasa shi a kan layinta.

Ruwan waje labarinsa daban. Ruwan Bunsuru da Gagare da ke gangarowa daga Katsina da Zamfara ta ƙasarmu yake bi, ya haɗu da na Gulbin Maraɗi, kafin ya isa madatsar Goronyo a kan kogin Rima. Ruwan shekara duka a wata huɗu yake sauka mana, ya fi ƙarfi a Agusta. Manyanku ba su manta Satumbar 2010 ba, lokacin da Rima ta cika ta batse, ta cinye gonaki da garuruwa, ta yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun ga nasu a daminar 2024. Fili kuwa a rani duk kyakkyawa ne. Kafin ka biya kuɗin fuloti, nemi tsohon unguwar ka gaishe shi, ka tambaye shi ina ruwa ya tsaya a 2010. Amsarsa ta fi ta dillali. In ka san wurin kwari ne ka ɓoye wa kamfani, ranar biya za su tono. Ka kuma sani takardu da yawa suna ware katangar gida da ƙyauren ƙofa daga diyyar guguwa da ambaliya, alhali su ne ke fara faɗuwa. Kwatar bakin titi da kwalbati na hukuma ne, kamfani bai san da su ba. Amma in suka toshe ɗakinka ruwan zai kwana, ba na shugaban ƙaramar hukuma ba. Ku matasan layi ku haɗu da shebur a watan Mayu ku yashe ta, kada ku jira a turo mota daga sakatariya.

To, a ce tsautsayin ya auku, Allah shi kiyaye. Rufe makunnin ƙasan tanki, kashe injin rijiyar burtsatse, kashe wutar gida kafin kowa ya taka ruwan, janye kayan da za su janyu. Wannan ma sharaɗi ne, don ba a biyan ɓarnar da ka tsaya kana kallo ta ƙaru. Daga nan sai ka danne zuciyarka. Al'adarmu ce mu share, mu goge, mu gyara kafin baƙo ya gani, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Kafin tsintsiya ta taɓa ƙasa, ɗauki hoto da bidiyo, na kusa da na nesa, har da layin da ruwa ya bari a bango. Guntun bututun da ya fashe kada mai gyara ya jefar, sa shi a leda ka adana. Katifar da ta jiƙe shanya ta, kada ka kyautar. Yi gyaran da zai tsayar da ruwa kawai, babban aiki ya jira mai kimantawa. Mai gyaran famfo da birkila su rubuta maka kiyasi a takarda da sa hannunsu.

Sanar da kamfani a ranar, kuma a rubuce, ko da saƙon waya ne, don ya zama akwai kwanan wata. Kiran baki ba ya barin sawu. Kowace takarda ta faɗi kwanakin da aka ba ka ka kawo cikakken bayani, nemo adadin tun yau ka rubuta a bangonta. Mu kuma mun san halin sadarwarmu. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni, mutane suka koma neman layin Nijar. Don haka ajiye kwafin takardar da lambarta wurin wani ɗan'uwa a Sakkwato, wanda zai iya shiga ofis a madadinka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙa'idar ƙasar nan ita ce in ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya, ko da kwana ɗaya ne tsakani. Duba ranar ƙarewar takardarka, in ta faɗo cikin damina ka sabunta tun kafin lokaci. Biya ta asusun kamfani, ka karɓi rasit mai sunansa. Sabo da wakili, ko ɗan garinku ne, kada ya sa ka tura kuɗi asusunsa na kansa.

Sai maganar gaskiya, wadda ta fi kowace tsada a nan. Wasu kan rage darajar gida don kuɗin shekara ya yi sauƙi. Ga lissafin: ginin da sake tashinsa zai ci naira miliyan 12, ka rubuta miliyan 6, ruwa ya yi ɓarnar miliyan 1, to 500,000 za a ba ka, don rabin gidan ka kare. Da yadda siminti da rodi suka tashi tun 2023, adadin da ka rubuta shekara uku baya ya riga ya zama rabi ko da ba ka yi niyyar wayo ba, sai ka riƙa gyara shi duk sabuntawa. In wani ɓangare na gidan ginin ƙasa ne aka lulluɓe da siminti, faɗi haka. In ka mai da ɗakin waje shago ko wurin markaɗe, faɗi. Ranar neman diyya kuma kada ka saurari abokin da zai ce ƙara da talabijin ɗin da ya daɗe da mutuwa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ƙarya ɗaya takan rushe har abin da ke haƙƙinka na gaskiya. A takaful ma abin ya fi muni, don asusun 'yan'uwanka Musulmi ka sa wa hannu.

Ke kuma ɗiyata, matso kusa. Kariyar gini daban, ta kayan cikin gida daban. Takardar da banki ya sa maigidanki ya yi, bango da rufi take karewa, don su ne jinginar. Gadon da mahaifinki ya sayar da sa ya saya, da kujeru, da firij, da keken ɗinkin da kike sana'a da shi, babu su a ciki sai an sa su da gangan. Kayanki ne a shari'a da al'ada, tambayarsu ba rashin kunya ba ce. Rubuta su a littafi, ɗauki hotonsu, ajiye rasit. Ke ce kuma kike fara ganin tabon danshi a bayan gado, ke kike jin warin magudana ya sauya, ke kike lura tanki na ƙarewa da wuri alhali aikin gidan bai ƙaru ba. Kada ki ce kar in dame shi. Faɗa masa yau, ki maimaita gobe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai wani sharaɗi da ya fi shafar mu fiye da mutanen Legas da aka rubuta takardun dominsu. Rashin tsaro ya sa da yawanku sun kulle gida sun koma cikin gari, ko Sakkwato, ko tsallaken iyaka. Galibin takardu suna dakatar da kariyar ruwa in gida ya zauna ba kowa fiye da wasu kwanaki, sau da yawa 30, sai in an sanar da kamfani ya amince. Ɓarnar yaƙi da ta'addanci ma a ware take. Wannan ba adalci ba ne ga mutumin da ba da son ransa ya bar gidansa ba, kuma da ina da murya a wurin masu tsara takardun da na faɗa musu haka. Kafin a gyara, in tafiya ta kama ka, zubar da ruwan tanki, rufe makunni, ka rubuta wa kamfani, ka kuma ba wani amintacce mabuɗi ya riƙa leƙawa.

In ruwan gidanka ne ya ci katangar maƙwabci, je ka jajanta masa da kanka tun kafin maganar ta kai ga mai unguwa, zumunci ya girmi takarda. Sai dai kada ka yanke masa adadi nan take, don wasu takardun suna ɗaukar irin wannan diyya amma da sharaɗin ba ka yi alkawari kafin su gani ba. Gaya masa gaskiyar hakan, zai fahimta.

Ku kuma da ke gidan ƙasa, waɗanda da wuya wani kamfani ya tako ƙofarku, ban manta da ku ba, ku ne ma mafi yawa. Shinkafa da kwanon rufin da NEMA ko hukumar agajin gaggawa ta jiha kan raba bayan ambaliya taimako ne, ya zo ko kada ya zo, ba bashi kuke bi ba. Yaɓe kafin ruwan fari, indararo mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango, salga mai ƙarfin baki da ba za ta rufta da yaro ba a marka, su ne naku. In ku goma ko ashirin na unguwa za ku buɗe asusun damina, kowa na zuba ɗan abin da ya samu bayan kaka, a rubuta a littafi, a sa dattijo biyu shaida, a kuma amince tun farko me za a biya me ba za a biya ba, kun yi abin da ya fi jiran motar agaji.

Saura in kamfani ya ƙi biya, ko ya yi maka tayin da bai kai ba. Kada ka yi zuciya ka yaga takarda, kada kuma ka ce na bar su da Allah tun ba ka taka ko'ina ba. Nemi su rubuta maka dalili, su faɗi sharaɗin da suka dogara da shi, ka gwada da kwafinka. Akwai takardar sallama da ake kawowa a ƙarshe, wadda sa hannu a kanta ke nufin ka yarda da adadin ka rufe magana. Kada ka sa hannu sai ka ga adadin a rubuce kuma ranka ya kwanta da shi. In an kasa daidaitawa, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafin masu inshora. Rubuta musu, ka haɗa da lambar takardarka, da rasit ɗin biya, da hotunan ranar farko, da kiyasin mai gyara, da wasiƙar da kamfanin ya ba ka.